Shekarar da Na Juye Tukunyar Gabaruwa

Kacau. 'Yar ƙarar da busasshiyar gabaruwa take yi ke nan in an motsa ta. Jiya da hantsi ina share ƙarƙashin gado, tsintsiya ta bugi tukunyar da nake ajiye ta, sai ta yi wannan ƙarar, ni kuwa na durƙushe a wurin na kasa ci gaba da shara. Ba yau na fara jin ta ba. Amma bana ruwa ya yi jinkiri, hadari yana haɗowa ta gabas yana watsewa, iskar da ke shigowa ta taga kamar daga bakin murhu take, masu dawowa daga wajen gada kuma suna cewa kogi bai motsa ba. Shi ya sa ƙarar ta same ni ban shirya ba. Ta mayar da ni shekarar farin nan, shekarar da aka bar fam da sule aka koma naira.

Lokacin 'ya'yana biyu. Akwai 'yar farina, wadda har yau bakina bai saba da sunanta na yanka ba, Uwani muke ce mata, tana da shekara biyar. Sai ƙaninta Bukar, wanda ya fara tafiya yana dafa bango. Malam, maigidana, shinkafa yake nomawa a fadama, in ruwa ya ja kuma ya ɗauki gora da homa ya shiga kamun kifi. Cikon ta biyar ɗinmu ita ce mahaifiyarsa, Iya, tsohuwa 'yar asalin Barebari. Idonta ya soma hazo, amma kunnenta sai dai a ce masha Allah. In kaza ta yi kuka a bayan ɗaki sai ta gaya miki wacce ce. 'Yar boko take ce min, don na yi 'yan shekaru a makarantar 'yan mata a Kano kafin aure, kuma ba da faɗa take faɗa ba.

A bakin gonarmu ta fadama akwai wata babbar gabaruwa. In kogin Haɗeja ya ciko, sai ta tsaya cikin ruwa wata biyu ko uku, ko a jikinta. Furenta 'yan dunƙule ne rawaya, masu laushi kamar gashin ɗan tsako, in sun zubo sai su rufe fuskar ruwan da ke ƙarƙashinta. Bayan an gama sussukar shinkafa, 'ya'yanta sun bushe sun yi baƙi-baƙi, jere kamar carbi, sai Iya ta ɗauki ƙugiyarta ta tafi kaɗo su. Da su take cika wata tukunya mai faɗin baki da ke kusurwar ɗakinta.

A wajen Iya na koyi aikin wannan itaciya. Yaro in yana gudawa ko atini, a ɓare kwanso uku, a zubar da ƙwayar, a jiƙa ko a ɗan tafasa, a tace a zuba masa a kunu. Mai ciwon baki ko dasashi mai jini ya kurkure da ruwanta. Mai jego ta zauna a cikin ruwanta da ɗumi. Gyambon da ya ƙi warkewa a barbaɗa masa garinta, haka ma yaran da aka yi wa kaciya. Ƙaron da ke tsatsowa a jikinta kuwa Malam ke ɗebowa ya haɗa tawada. Ranar da na fara ɗanɗana ta na yamutsa fuska saboda bauri, Iya ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Baurin nan ai shi ne aikin, 'yar boko. Yadda ya ɗaure miki baki haka yake ɗaure cikin yaro."

Duk unguwa a wajenta ake ɗiba, ba ta taɓa hana kowa ba. Doka ɗaya gare ta a kan tukunyar: ba a juye ta sai sabuwa ta shigo gida. In ta kusa ƙarewa sai ta daidaita abin da ya rage da tafin hannu ta rufe da faifai, wannan kuma ko sarki ne ya aiko sai dai ya yi haƙuri.

Daminar da ta gabaci waccan ma ba ta yi kyau ba, abin da muka samu bai kai rabin rumbu ba. Da bazara ta yi, Iya ta ce za ta je Kaugama wajen 'yarta da ke da tsohon ciki. Mu duka mun san ba cikin kaɗai ba ne, so take ta rage mana baki ɗaya. Da za ta tafi ta ja hannuna har gaban tukunyar ta ɗora shi a kan faifan.

"Ga ta nan a cike. Wanda ya zo ki ba shi. Na gindi kuwa ki bar shi, kin ji ko?"

Na ce na ji.

Ruwan farko ya sauka, maza suka fita da murna aka yi shuka. Gero ya fito ya yi kamar tsawon yatsa, sai sama ta ɗauke. Aka sake shuka, ta sake ɗaukewa. Kullum da yamma in na ɗaga kai sai in ga gabas ta yi baƙi, a yi ta cida, mu kwashe shanya mu jera kwanoni a bakin indararo, sai iska ta taso ta tafi da hadarin. Aka fita roƙon ruwa har sau uku. Watan da ya kamata a ce fadama ta zama teku, kwalekwale yana ratsa gonaki, tsuntsayen kirinjijiya suna sauka garke-garke, sai ga kogi ya tsaya a cikin kwarinsa siriri. Malam ya watsa irin shinkafa a busasshiyar laka, tsuntsaye suka tsince. Gorarsa ta kamun kifi tana rataye har gizo-gizo ya yi mata saƙa.

Muka koma ci sau ɗaya a wuni. Da safe in aika a yago min tafasa da yaɗiya, in dafa in matse, in barbaɗa ɗan ƙuli in akwai. Dusa da muke ba awaki muka fara tankaɗewa muna tuƙawa. Bado da muke raina wa 'yan ƙauye, shi ma aka neme shi aka rasa, don tabkunan da yake fitowa sun tsage. Goruba kuwa yara sun gwigwiye ta har ƙwallo. Rijiyar unguwa ta ja ƙasa, sai an ƙulla igiya biyu, abin da guga ke fitowa da shi ja ne mai wari. In na zuba a randa sai ya wuni kafin ya kwanta. Ruwan nonona ya ragu, Bukar ya kama ya ja ya saki ya yi kuka.

A kwanakin nan ne Uwani ta yi masa abin wasa. Ta samo wani tsohon gwangwanin madara, ta zuba 'yan tarkacenta a ciki, ta sa dutse ta matse bakin. In ya fara kuka sai ta zauna gabansa tana kaɗawa, kacau, kacau, shi kuwa ya yi shiru ya miƙa hannu. Ni na ɗauka tsakuwa ta zuba. Ban taɓa tambaya ba, na gode wa Allah da ya sami abin da zai ɗauke masa hankali daga yunwa.

Sana'a ɗaya ce ta ci kasuwa a shekarar, ita ce jima. Shanu suna ta faɗuwa a hanya, masu su suna yankawa kafin su mutu, fatu suka yi yawa har ba wurin shanya. Majema kuma ba sa aiki sai da gabaruwa, da ita suke jeme fata. Sai matar wani majemi, Tabawa, ta fara bin gidaje da buhu, 'yarta na biye da ƙwaryar gero.

"Salamu alaikum, ina masu gabaruwa? Ku fito da ita ku ci tuwo!"

Warin fata ya riga ta shigowa. Ta zauna a bakin ɗakina ta kalli Bukar, ta kalli murhuna da ya kwana biyu bai ga tukunyar tuwo ba.

"Ke da kika yi boko, me za ki yi da kayan tsofaffi? Ai ku allura kuke yi wa 'ya'yanku. Tsohuwar tana nan?"

Na ce ta yi tafiya.

"To alhamdu lillahi, da tana nan da sai mun kai la'asar muna ciniki. Ɗauko, in ba ki gero kwano biyu."

Na jawo tukunyar na fara zuba mata a buhu. Da na kusa gindi sai na tsaya, na sa tafin hannu na daidaita abin da ya rage, yadda na ga Iya tana yi. Tabawa ta ɗaga buhun ta jijjiga.

"Bai kai ba, 'yar uwa. A haka sai dai kwano ɗaya da rabi. Ƙaro na gindin nan in cika miki na biyu har ya yi tozo."

Uwani tana tsaye ta ƙura wa ƙwaryar geron ido. Na yi lissafi irin na wanda ya je makaranta: damina ta kusa ƙarewa, nan da wata uku ko huɗu itaciyarmu za ta ba da sabuwa, yunwa kuwa yau take. Na kifa tukunyar a bakin buhun, har na bubbuga bayanta. Ranar mun ci tuwon gero da miyar kuka, Bukar ya sha kunu har cikinsa ya yi tulu. Ban gaya wa Malam inda geron ya fito ba, shi ma bai tambaya ba. A shekarar nan ba a tambayar tuwo daga ina.

Ba a yi sati uku ba gudawa ta shigo unguwa. Ta fara da gidan da ke kusa da rijiya, ta bi layi. Ranar wata Talata da safe na ɗaga Bukar na ga zanen goyonsa ya jiƙe. Kafin azahar na wanke zane biyar da ruwan da ba mu da shi. Na shiga ɗakin Iya da sauri, na ɗaga faifai, sai da na ga baƙin gindin tukunyar sannan na tuna.

Na aika gidan Hajiya Yagana maƙwabciyarmu, ta ce ita ma Tabawa ta kwashe tata. Na aika gida uku, amsar ɗaya ce. Da Malam ya shigo na tare shi tun daga zaure.

"Malam, don Allah ka je gona ka duba gabaruwar nan, ko ɗanya ce ka samo min."

Ya ce, "Na sassabe ta tun watan jiya. Bijiminmu da awakin nan ba su da abin ci, na sare rassan na ba su ganyen. Ban ga abin faɗa ba, na san tukunyar Iya a cike take."

Na ce, "Babu komai a cikinta."

"Kamar yaya?"

"Tuwon da muka ci."

Ya dube ni, na dube shi. Shi ya juya ya fita, ya nufi unguwar majema. Ya dawo ya ce duk abin da suka saya sun daka sun zuba a ramukan jima, yana can jiƙe da fatu. Daga nan ya wuce fadama ya saro min ɓawon itaciyar. Na san ana amfani da ɓawon, amma ban taɓa ganin yadda Iya take auna wa ƙaramin yaro ba. Na tafasa, ruwan ya yi ja wur, na ɗura masa cokali biyu, ya dawo da shi har ta hanci.

Washegari na goya shi muka tafi asibiti. Baranda cike take da mata irina, kowace da nata a cinya. Ma'aikacin da ya duba shi ya yi iya ƙoƙarinsa, ya ba ni wani farin magani a kwalba, ya ce in yi ta ba shi ruwa kaɗan-kaɗan. Na yi. Abin da na ba shi ta sama sai ya fita ta ƙasa. Idanunsa suka faɗa, maɗigarsa ta lotsa, in na ja fatar cikinsa sai ta tsaya yadda na ja ta. Ya daina kuka, sai ɗan nishi.

Uwani ba ta bar gefensa ba. Ta zauna da gwangwaninta tana kaɗa masa a saitin kunne, kacau, kacau, tana cewa, "Bukar, ga naka, karɓi mana." A rana ta uku kaina ya yi zafi, na daka mata tsawa.

"Ke, ki raba mu da ƙarar nan! Ba ki ga ba shi da lafiya ba?"

Ta tashi sumui-sumui ta koma bayan ɗaki da abinta.

Ranar Juma'a, tsakanin azahar da la'asar, yana kan cinyata ina tofa masa abin da na iya, na ji ya yi nauyi. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ko makara ba a ɗauko ba, a hannu Malam ya ɗauke shi cikin 'yar tabarma.

Iya ta iso ranar sadakar uku, motar 'yan kasuwa ta sauke ta a tasha ta ƙaraso da sanda. Gumbar da muka raba wa yaran unguwa a ranar, da ragowar geron Tabawa na daka ta. Iya ta zauna a bakin ƙofa ta cire takalmi.

"Ina mijin nawa? Ashe tafiya zai yi bai jira ni ba." Haka take kiran Bukar. Ta yi addu'a mai tsawo, ta shafa. Sannan a hankali ta ce, "Kin ba shi gabaruwa?"

Na gaya mata komai, ban rage ba.

"Har na gindin?"

"Har na gindin, Iya."

Da ta zage ni da ya fi min sauƙi. Ta ce kawai, "Allah ya ba mu haƙuri. Ina ƙawata? Ban ji motsinta ba."

Uwani tana kwance a ɗaki. Tun asubar ranar ita ma cikinta ya ɓare, ta fita bayan gida sau shida, na bakwai ba ta iya tashi ba. Na riga na ga hanyar da abin yake bi, na san ranakunsa ɗaya bayan ɗaya, kuma hannuna babu komai. Iya ta lallaba ta zauna a gefen tabarmar ta dafa goshinta. Yarinyar tana rungume da gwangwanin nan, tun ranar Juma'a ba ta ajiye shi ba. Ta ɗan juya, ya yi kacau.

Iya ta ɗaga kai.

"Tsaya. Sake kaɗawa, ƙawata."

Ta kaɗa.

"'Yar boko, mene ne a cikin abin nan?"

"Tsakuwa ce, Iya. Wasan yara ne."

"Tsakuwa ƙarfe take duka, tas-tas. Wannan abu biyu ne ke motsi, na waje da na cikinsa." Ta karkata kunne. "Ƙawata, daga ina kika ɗebo abin da kika zuba?"

Uwani ta ce da 'yar murya, "A tukunyarki. Kaɗan na ɗiba. Kar ki dake ni."

"Kawo wuƙa," in ji Iya.

Yarinyar ta ƙanƙame gwangwanin da hannu biyu, ta faɗi wata magana. Na ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya na karɓe. Da na buɗe bakin na zazzage a faifai, sai ga gabaruwa, an kakkarya ta gaɓa-gaɓa, kowace gaɓa da ƙwayarta a ciki. Ta kai cikin tafin hannu. Kwana uku tana kaɗawa a kunnen Bukar, a gabana.

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Iya ce ta ce, "Ba yanzu ba. Tashi ki hura wuta."

Da yatsunta ta yi aikin, ba ta bukatar ido. Ta ɓare kowace gaɓa ta fitar da ƙwayar, ta raba kwanson kashi uku, na kwana uku. Ta sa na wanke kashi ɗaya, na ɗan daddaka, na tafasa da ruwan da aka tace sau biyu, har ya yi launin shayi marar madara. Ta ɗanɗana ta ce in ƙara ruwa. Hajiya Yagana ta aiko da ɗan gari, muka dama kunu tsararo, Iya ta sa ɗan gishiri, ta zuba ruwan gabaruwar a ciki. Ba ta yarda a ɗura mata ba. Da bakin ludayi take ɗiga mata, ta jira, ta yi salati, ta sake ɗigawa. Haka muka wuni, haka muka wayi gari. A rana ta biyu fitar ta ragu. A rana ta uku da hantsi Uwani ta buɗe ido ta ce tana son tuwo.

Na taɓa tambayar Iya sau ɗaya, ko da na buɗe gwangwanin nan tun ranar Talata da Bukar ya tashi. Ta ce, "Na ga waɗanda suka sha suka tashi, na ga waɗanda suka sha suka tafi. Kwanansa ne ya ƙare." Malam ma haka ya ce, har ya bar duniya bai sake tada zancen ba, ni ma ban taɓa tada masa zancen rassan da ya sare ba. Na yarda da abin da suka faɗa, wallahi na yarda. Kunnena ne kawai bai daina ji ba.

Gabaruwar gonarmu ta sake tofo bayan shekara biyu, amma ba ta koma yadda take ba, kogin ma bai koma ba. Yanzu inda take ciyawar kacala ce ta cinye wurin. Tawa a kasuwa nake saya, a wajen masu kayan ƙoli. In jikokina suka kamu da gudawa, ni ce ta farko da ke cewa a haɗa ruwan gishiri da sukari a tafi asibiti, ga Keke Napep nan a ƙofar gida. Duk da haka matan unguwa suna aikowa, mai jego, mai ciwon baki, in ɗiba in ba su. In ta kusa gindi sai in daidaita da tafin hannu in rufe da faifai. Surukaina suna min dariya, suna cewa Hajiya da tukunyarta.

Uwani tana Kaugama yanzu, ita ma da jikokinta. Na taɓa gwada ta da zancen gwangwanin, ta ce ita ba ta tuna ba, ko fuskar Bukar ba ta iya kawowa. Na ce haka ya fi. Ban gaya mata abin da ta ce min ba ranar da nake ɓamɓare yatsunta, leɓunanta a bushe, idonta a kaina.

"Inna, kar ki fasa, na Bukar ne. In ya dawo me zan kaɗa masa?"